Teburin Yaya A'i

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan azahar

Yau ya shigo da katako. A amalanken jaki aka kawo, jan katako mai ƙamshi, ya jingine shi a gindin dogon yaro ya tsaya yana kallo kamar wanda aka ba raƙumi bai san ta inda ake hawa ba. Tun da ya dawo daga arewa, daga wurin zinariyar nan, ban ga ya ɗauki wani abu da hannunsa ba in ba buta ba. Na yi hamdala a cikina.

Ɗan farina ne, don haka ba zan rubuta sunansa ba. Bakina bai taɓa faɗa ba, hannuna ma ba zai fara ba. Malamarmu ta karatun manya takan ce takarda ba ta jin kunya. Ita ba ta ji, ni ina ji.

Ƙanwarsa Kausar ta biyo daga gidan mijinta ta same shi yana awo. Ta ce, "Yaya, akurkin kaji za a yi mana?"

Ya ce, "Tebur. Ƙarami, na tsakar salo, ɗakin zaman baƙi, samansa gilashi."

Ina tankaɗe ina jin su. Har na fara gyara ɗakina a zuci, na ture kwallaye gefe, na sama masa wuri gaban gado. Sai na ji ya ce, "Na Inna ne. Ta ce ta ga irinsa a Maradi."

Innar tasa ita ce Yaya A'i ta Birnin Lalle, yayar marigayi maigidana Mainassara. Ranar da aka yaye shi ta goya shi ta tafi. Haka ake yi, ban ce ba haka ake yi ba. Ni Adda yake ce min, yadda ya ji ƙannena suna faɗa.

Garin ya yi laushi tuni, na ci gaba da tankaɗe.

Talata, da hantsi

Ba ruwana. Ɗakina ma ƙarami ne.

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan la'asar

Bai iya ba. Wannan ba sharri ba ne, ido ya gani. Abarci kafinta ya ara masa zarto da guduma da mitar awo, ya nuna masa sau ɗaya ya koma shagonsa. Sauran a waya yake kallo, wani mutum yana ta bayani da Faransanci, shi kuma yana tsayar da shi yana maimaitawa. Ya ja layi da fensir, zarto ya bi tasa hanya. Ƙafa huɗu ya yanka, ba wadda ta yarda da ƴar uwarta.

Zarton ya kama shi a babban yatsa. Jini ya ɗiga a yashi. Na tashi, sai na tuna, na zauna. Na sake tashi na yago tsumma mai tsabta na ajiye a kan turmi, na ce wa kaji, "Akwai tsumma nan in wani yana so." Ya ɗauka. Ya ce wa turmi ya gode.

Haka muke. In abinci ya sauka, iska nake faɗa wa. In zai fita, ƙofa yake yi wa sallama. Da can ban taɓa jin nauyin abin ba, don yana Birnin Lalle, sai da salla yake zuwa. Yanzu ga shi a tsakar gidana safe da yamma, ya rame, ba ya barcin kirki, in mota ta yi ƙara a waje sai hannunsa ya tsaya cak.

Jandarma sun ce kada ya bar nan Dakoro sai an neme shi. Iyakar abin da na sani ke nan. Ban tambaya ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu, bayan magariba

Ta zo.

Tun daga zaure ta ƙwala sunansa, duka unguwa ta ji. Ya yar da guduma ya tafi da sauri ya durƙusa, ta kama kansa da hannu biyu tana jujjuyawa kamar mai zaɓen kankana. Ta ce, "Dubi wuya kamar na zalɓe. Ba a ba ka abinci a gidan nan ne?"

A gabana ta faɗa. Na ce, "Sannu da hanya, Yaya."

"Sannu Adawiyya. Wasa nake. Kin san tun yana ƙarami sai an tsaya a kansa yake ci."

Ban sani ba. Ta yaya zan sani?

Ta kawo masa cuku da ƙuli-ƙuli a ƙullin zane, ya zauna ya ci a gabanta kamar ɗan yaye. Ta zagaya katakon nan ta ce, "Wannan ne teburin nawa? Ai ko makaho ya shafa ya san ba ɗan kafinta ne ya yi ba." Sai ya yi dariya. Dariya sosai, har da riƙe ciki. Ban ji wannan dariya ba tun kafin tafiyarsa.

Daga baya suka shiga zaure su biyu. Na ɗauki tsintsiya na share bakin zauren da na riga na share da safe. Muryarsa ƙasa-ƙasa, ya daɗe yana magana. Na ji sunan Saminu, ɗan maƙwabciyata, wanda suka tafi tare, shi bai dawo ba. Na ji "rami". Daga nan ba magana, sai wani sauti da ban so in ji daga babban namiji ba, ita kuma tana cewa, "Ya isa, ya isa, ɗana."

Da za ta tafi na raka ta bakin hanya, ina jiran ta gutsura min wani abu. Ta ce, "Ki riƙa sa masa mai a miya."

Litinin, da asuba

Ɗana, in ji ta. Wata tara ba a bayanta aka yi su ba.

Allah Ka yafe min. Ta riƙe shi da kyau, ba wanda zai ce ba haka ba.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan azahar

Jandarma biyu sun sake zuwa, sun tsaya da shi a ƙofar gida, sun tafi. Ba su ɗaga murya ba. Ya dawo ya zauna kan katako har rana ta same shi bai matsa ba.

Na gamu da uwar Saminu a famfo. Na gaishe ta. Ta gyara tulunta.

Asabar, 19 ga Afrilu, da yamma

Abarci ya leƙo ganin aiki. Tsoho ne mai baki, abokin marigayi. Ya ɗaga ƙirar teburin da hannu ɗaya ya girgiza, ta yi kuka. Ya ce, "Kai, ɗan Mainassara, ƙusa nawa ka zuba a nan? Tebur kake yi ko tsare ɓarawo?"

Ya ce, "Baba, don kada ya motsa ne."

"Ga shi kuwa yana rawa kamar an kaɗa masa kalangu. Cire su. Katako da katako ake aurarwa, a fafe wannan a shigar da wancan, a sa kol mai liƙewa a ɗaure su kwana. Ƙusa shaida ce kawai."

Sai ya tambayi ina gilashin. Aka ce ba a saya ba tukuna. Abarci ya kama haɓa. Ya ce ai gilashi ake fara kawowa a yi masa gida daidai jikinsa, don katako yana jin lallashi, gilashi ba ya ji. Amma tunda an riga an yi, ya auna ya kira wani a Maradi ya yanka ya aiko a mota.

Da zai fita ya tsaya kusa da ni ya rage murya. Ya ce, "Hannunsa bai iya ba, amma ba ya gudun maimaitawa. In ya zauna zan iya yin kafinta da shi."

In ya zauna. Me ya sa ya ce in?

Litinin, 21 ga Afrilu, da hantsi

Ya wargaza komai ya faro daga farko. Yana fafe katako da kurfi a hankali, harshe a waje. Haka ubansa yake yi in yana ɗaure kaya. Wannan dai ba a Birnin Lalle ya koyo ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan la'asar

Gilashi ya iso daga tasha, an naɗe shi da kwali. Ya fi gurbin da aka yi masa da faɗin yatsa. Mai aikin ya gwada ta nan ya gwada ta can, ya zauna ya dafe kai. Na ɗauka zai jefar da komai. Can sai ya ɗauki kurfi ya fara ƙara faɗin gurbin.

Saboda awaki da ƴaƴan maƙwabta, ba inda za a ajiye gilashin sai ɗakina. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa labule, "Ko akwai wuri a ciki?" Na ce wa labule akwai. Ya shigo ya jingine shi bayan gadona, ya rufe da bargona. Rabonsa da shiga ɗakin nan tun yana rarrafe.

To ga ni ina gadin gilashin wata.

Juma'a, bayan azahar

Na ɗaga bargon na duba. Fuskata na gani a ciki, dishi-dishi, da gadon a bayana. Gefensa kore ne, da kaifi. Abu kaɗan ne. Kwalla ɗaya ta zame daga sama, shi ke nan, kuma ba mai cewa da gangan ne.

Na mayar da bargon. Na sauke kwallayen duka na jera su a ƙasa.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da yamma

Wani Jimrau ya zo, mai motar da ta kai su arewa. Dogo, da rawani, yana taunar goro yana tofarwa a gindin katangata. Sun daɗe a waje. Da ya dawo ciki bai taɓa aiki ba, ya ɗauko jakarsa ta tafiya ya zazzage ya shanya a igiya.

Na ce wa igiya, "Jaka ba ta yi datti ba ai."

Ya ci gaba da shanyarsa.

Talata, da asuba

Ban yi barci ba. Ita tana can tana barcinta, ta san komai.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan la'asar

Yana goge katako da takarda mai yashi tun safe. Ya shafa masa berni, man sheƙin katako, gidan duk wari, amma jan ya fito kamar zuma. Ba zan ɓoye ba, ya yi kyau. Akwai wata kusurwa da ta ɗan buɗe baki, ya cika ta da garin katako da kol. In ba ka sani ba ba za ka gani ba. Ni na sani, don a gabana aka yi. Ita za ta ga tebur ne kawai. Ba ta ga yatsan ba, ba ta ga ranar da ya wargaza ba.

Ƙafafun ne suka ba shi wuya. Ya kafa teburin a tsakar gida, ya ɗora kwanon ruwa a kai, yana duba ruwan yana rage ƙafa, har ruwan ya kwanta daidai. Ya ja baya ya kalla. Ya waiwayo wajena, na yi sauri na duba tukunya.

Me zai ragu a jikina in na ce sannu da aiki? Ban ce ba.

Asabar, 3 ga Mayu, bayan azahar

Kausar ta zo ta ja ni ɗaki. Ta ce jandarma sun sallame shi, ba su da sauran magana da shi. Na ce alhamdu lillahi. Ta ce, "Iya, tsaya tukuna. Motar Jimrau za ta tashi ranar Alhamis. Ya ce zai kai wa Inna teburinta, sannan ya bi su."

Na ce me ya bari a can?

"Ya ce ba zai iya haɗa ido da uwar Saminu ba hannu wofi. Ya ce ko takalminsa ne ya samo."

Na zauna a bakin gado.

Ta ce, "Iya, ki yi masa magana mana. Ba zamanin nan ba ne. Ni in na haifi na fari sunansa zan riƙa kira har a kasuwa."

Na ce, "Ke dai ba ki da kunya tun kina goye."

"To kunyar ta hana shi tafiya wancan karon?"

Na kore ta da zancen miji. Ta tafi tana ƙunƙuni.

Lahadi, da hantsi

Wadda yake ji ita za ta faɗa masa. Ba ni ba.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan magariba

Zan rubuta na yau duka ko hannuna zai ƙage.

Ya ɗauko hayar mota mai buɗaɗɗen baya. Aka ɗaure teburin ƙafafu sama. Gilashi kuwa direba ya ce in aka kwantar da shi a baya ba zai kai Birnin Lalle da rai ba, sai wani ya riƙe a tsaye. Na ce wa mota dama ina da niyyar gaida Yaya. Na shiga gaba, aka miƙo min shi cikin bargo, na rungume. Duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a ƙirjina. Na riƙe shi kamar jariri.

Yaya A'i ta tara matan unguwa, kamar ana kawo lefe. Salonta da siminti, ƴaƴan mijinta suka yi mata bara. Ya shigar da teburin, ya zura gilashin a gurbinsa, ya zauna ɗas. Mata suka yi guɗa. Ta ɗora kofin shayi a kai don a gani.

Teburin ya gyaɗa kai. Shayin ya zube.

Ta danna wannan gefe, wancan ya tashi. A yashin tsakar gidana ya daidaita ƙafafun, yashi kuwa yana haɗiye laifi, doguwar ƙafa ta nutse gajeriya ta zauna. Siminti ba ya rufa wa kowa asiri. Wata tsohuwa ta ce, "Teburin yana gaisuwa ne, ɗan gidan mutunci." Aka yi dariya. Kunnuwansa suka yi zafi, na gani.

Na ji daɗi. Zan rubuta gaskiya, na ji daɗi, na ce a raina a gidana ne kawai yake tsayuwa. Daɗin bai kai ko'ina ba, don na ga fuskarsa.

Yaya A'i ta yage kwalin shayi ta ninke ta cusa ƙarƙashin ƙafar. Ta ce, "Shi ke nan. Wa ya mutu? Ni ma ƙafata ɗaya ta fi ɗaya." Ya ce a'a, a ba shi zarto a maƙwabta. Ya fitar da shi baranda ya durƙusa yana gyara.

Mata suka watse. Muka rage ni da ita. Na sauko daga kujera na zauna a ƙasa gabanta. Ban taɓa roƙonta komai ba tun da aka kawo ni gidan ƙaninta. Na ce, "Yaya, ki hana shi. Ke yake ji."

Ta daɗe tana kallon teburin da babu a wurin. Ta ce, "Kin ɗauka ban hana ba? Na yi faɗa, na yi kuka, na ce ban yafe ba. Ya ce to, Inna. Na san wannan to ɗin, ni na raine shi. Wancan karon ma to ya ce."

Na ce to wa zai ji?

"Maganata ta yi masa yawa, Adawiyya. Tun yana ɗan mitsitsi nake zuba masa ita, ta zama ruwan randa, ana sha ba a lura. Ke ce ba ki taɓa kashe ko ɗaya ba."

Na ce ai kin san ba a yi.

"Na sani. Na kuma san da ya sauka daga arewa cikin wannan hali, ba ƙofata ya buga ba."

Na ce jandarma ne suka ce ya zauna Dakoro.

"Jandarma sai da ya kwana uku suka zo. Ina ƙirge." Ta goge ido da bakin gyale. "Ni aka yi wa tebur. Tebur ake yi wa wadda za a yi wa sallama."

Ban san tana ƙirga nata ba.

A hanyar dawowa ba abin riƙewa. Na rasa inda zan sa hannuwana.

Talata, bayan la'asar

Ya mayar wa Abarci kayan aikinsa. Ya share garin katako tas. Tsakar gidan ta yi faɗi.

Na buɗe baki sau biyu. Sau biyu na tambayi kaji ko sun sha ruwa.

Laraba, 7 ga Mayu, da yamma

Yana zaune gindin dogon yaro yana ɗinke maɗaurin jaka. Na fito na tsaya a bakin ɗakina. Na dafa ƙyauren, na langa-langa ne, tun na marigayi, na ce masa, shi ƙyauren, "Wannan ya gaji. In damina ta zo ruwa har gado."

Allura ta tsaya.

Na ce, "Na katako nake so. Da taga. Rumbu ma yana son ƙofa. Ga gadon nan yana kuka."

Sai ya ce, yana kallon jakar, "Abarci zai iya. Sati ɗaya ya gama."

Nan ne na juya. Ban kalli ƙyaure ba, ban kalli kaji ba. Na dube shi a ido, ido irin na ubansa, ban taɓa sanin akwai tabo a girarsa ta hagu ba. Na ce, "Ba na Abarci nake so ba. Naka nake so."

Ya ce, "Adda, ban iya ba. Kin ga na Inna."

"Na gani. Tun daga farko na gani."

"Ni in na fara wannan, sai ya kai ni kaka."

Na ce, "Ba sauri nake ba."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Uwar Saminu fa?"

Na ce, "Ƙofa ɗaya ce tsakaninmu. In za ka shiga, zan shiga gabanka. Abin da ka faɗa a zaure, ita ya kamata ta ji, ba takalmi ba."

Bai ce to ba. Na shige ɗaki na zauna, kamar wadda ta yi sata.

Alhamis, da asuba

Jakar tana rataye a reshe. Ban san ko cike take ba. Ban taɓa ba.

Alhamis, bayan azahar

Mun shiga wurin uwar Saminu. Ba zan rubuta abin da aka faɗa ba. Ta yi kuka, ta zage shi, ta sake yin kuka. Da za mu fito ba ta raka mu ba, amma ta ce a ja mata ƙofa.

Juma'a, 9 ga Mayu, da hantsi

Kausar ta ce motar Jimrau ta tashi jiya bayan la'asar.

Ɗakina ba ƙyaure. Ya cire shi tun da sassafe don ya yi awo, ya manta bai tanadi abin rufewa ba. Akuya ta shiga ta ci min rabin ƙullin kuka. Yana can yana jan layi, harshe a waje.

Farin katako ya sayo. Nata ja ne. Na lura.